Hanyar lafiya a bi ta da shekara: masu keke a ƙauyukan Faransa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in an ambaci ƙasar Faransa, abin da ke fara zuwa a rai shi ne birnin Paris, da benaye, da motoci masu yawan gaske. To amma Faransa ba birni ba ce kaɗai. Kusan rabin ƙasar gonaki ne da wuraren kiwo. Akwai ƙauyuka dubbai, kuma kowane ƙauye da ƴar hanyar da ta haɗa shi da maƙwabcinsa. A kan waɗannan ƙananan hanyoyi, mutum yana iya tafiyar rabin awa bai gamu da mota ko ɗaya ba.

Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Satumba, mutane da yawa suna barin birane su hau keke su bi waɗannan hanyoyi. Ba tsere suke yi ba, ba kuma talauci ne ya hana su shiga mota ba. Shiru suke nema, da iska mai kyau, da ganin ƙasa a hankali. Abin da ya kamata a sani shi ne, ba don su aka yi hanyoyin ba. Don manomi aka yi su. Yau kuma baƙon da ke bisa keke yana cikin masu taimakon ƙauyen manomin don kada ya mutu.

Hanyoyi iri huɗu

In an haɗa hanyoyin Faransa duka, tsawonsu ya wuce kilomita miliyan 1. An raba su iri huɗu, kowane iri da harafinsa a jikin allo.

Mai harafin A ita ce babbar hanyar gudu. Tsawon irinta duka bai wuce kilomita 12,000 ba. Doka ta hana keke hawanta.

Mai harafin N ta gwamnatin ƙasa ce. Manyan kamiyo sun yi yawa a kanta, mai keke mai hankali yana kauce mata.

Mai harafin D ta jaha ce. Irinta sun kai wajen kilomita 380,000. Wasu cike suke da motoci, wasu kuwa shiru.

Mai harafin C ta komin ce, wato ƙaramar hukumar da magajin gari ke shugabanta. Faransa tana da komin kusan 35,000, hanyoyinsu kuma sun kai wajen kilomita 700,000. Ke nan mafi yawan hanyoyin ƙasar ƙanana ne. Wata faɗinta bai fi na tarakta ɗaya ba, har ciyawa na tsirowa a tsakiyarta.

Yaya baƙo zai gane su? A bakin hanya akwai duwatsun da ke nuna kilomita. Mai jan kai na hanyar N ne, mai rawayan kai na hanyar D ne. A taswirar kamfanin Michelin kuma, ja babbar hanya ce, rawaya matsakaiciya, fara ƙarama. In an ja koren layi a gefen hanya, ma'anarsa wurin yana da kyan gani. Shi ya sa masu keke ke neman farar hanya mai koren gefe.

Wa ya yi su?

A da, in lokacin ruwa da sanyi ya zo, ƙauyukan Faransa da yawa sukan yanke daga kasuwa. Amalanke yakan kafe cikin laka, alkama ta zauna a rumbu babu mai saye. A shekara ta 1836 aka yi doka wadda ta ɗora wa kowace komin kula da hanyoyinta. Komin da ba ta da kuɗi, sai ta kira mazan da ke tsakanin shekara 18 da 60 su yi aikin hanya har kwana 3 a shekara, da amalankensu da bisashensu. Wanda ba ya so, sai ya biya kuɗi a madadin aikin. Tsofaffin Nijar sun san irin wannan aiki, gama Turawa sun kawo shi ƙasashen da suka mallaka. Sai dai na nan ya fi na can tsanani nesa ba kusa ba, kuma sai a 1946 aka soke aikin dole.

Da gumin manoman Faransa ke nan aka fasa dutse, aka cike ramu, aka haƙa lambatu. A cikin ƙarni na 20 aka zuba wa mafi yawan hanyoyin kwalta.

Daga baya sai tarakta ta zo. Aikin da mutum goma ke yi, mutum ɗaya ya gama shi. Samari suka tafi birni neman aiki. A 1970 Faransa tana da gidajen noma wajen miliyan 1 da 600,000. Da aka yi ƙidaya a 2020, wajen 390,000 suka rage. Hanyoyi suna nan, masu bin su sun ragu. Saboda haka shirun da mai keke ke jin daɗinsa yana da fuska biyu. Ga baƙo hutu ne. Ga ɗan ƙauye kuwa, wani lokaci alama ce ta an rufe lakwal, mai burodi ya tashi, likita ya koma gari.

Yadda yawon keke ya fara

Faransawa sun daɗe da keke. A birnin Paris ne, tsakanin 1860 da 1870, maƙeri Pierre Michaux da iyalinsa suka riƙa ƙera keke mai feda suna sayarwa. A 1891 ƴan uwa biyu, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci nan take. Kafin nan manne taya ake yi da gam, in ta fashe gyaranta ya ci awoyi. A wannan shekara wani mai suna Charles Terront ya hau irin wannan taya, ya je garin Burest daga Paris ya komo, tafiyar kusan kilomita 1,200, bai cika kwana 3 ba.

Amma wanda ake ɗauka uban masu yawon keke shi ne Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio. An haife shi a 1853, ya yi sana'ar keke a garin Sant-Etiyen. Garin yana tsakiyar tuddai. Shi ya sa ya dage a kan keke mai canjin gudu, wanda kacarsa ke sauka daga wannan haƙori zuwa wancan, don hawan tudu ya yi sauƙi. Masu tsere na zamaninsa sun raina abin, suna ganin na ragwaye ne. Yau da wuya a ga keken doguwar tafiya da ba shi da shi.

Vélocio ya bar wa matafiya gargaɗi, har yanzu ana aiki da shi. A ci abinci tun yunwa ba ta zo ba. A sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ba. A ƙara riga kafin a ji sanyi, a rage kafin a ji zafi. Hutu ya zama gajere. Kada mutum ya wuce ƙarfinsa, kada kuma ya tuƙa don a ce ya iya. Duk wanda ya taɓa kora shanu zuwa kasuwa mai nisa zai ce wannan ai magana ce sananniya. Vélocio ya rasu a 1930, bayan jirgin cikin gari mai bin dogo ya buge shi a Sant-Etiyen.

A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako 2 a shekara tare da albashi. Ma'aikaci a lokacin ba shi da mota. Sai ya ɗaure bargo da tukunya a bayan keke, shi da matarsa, wasu ma bisa keke mai sirdi biyu, su fita ganin ƙasarsu. Tun daga nan yawon keke ya zama na talaka da mai kuɗi.

Koriyar hanya

Da motoci suka yi yawa, sai hukuma ta fara ware hanyoyin da mai inji ba ya shiga ko kaɗan. Su ake ce wa koriyar hanya. Ta mai keke ce, da mai tafiya ƙasa, wani wuri har da mai doki. Galibi ba sabuwar hanya aka yanka ba, tsohuwa aka gyara.

Iri na farko tsohon dogon jirgin ƙasa ne. A yankin Burgonyi, tsakanin garin Jibri da garin Kuluni, jirgi ya daina bi. Aka cire ƙarafa, aka zuba kwalta, aka buɗe hanyar keke mai kilomita 44 a 1997. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, don haka hanyar a miƙe take, yaro da tsoho duk suna iya bi. Kusa da Kuluni akwai ramin da aka huda cikin tudu, tsawonsa kilomita 1 da mita 600. Da sanyi rufe shi ake yi, don jemagun da ke kwance a ciki kada a tashe su.

Iri na biyu gefen magudanar jiragen ruwa ne. A da, dawaki da mutane ke jan jirgin kaya da igiya daga bakin ruwa. Turbar da suka bari ita masu keke ke bi yanzu. Wadda ta fi suna ita ce magudanar Midi, a kudancin ƙasar. Pierre-Paul Riquet ne ya shugabanci haƙarta, an fara a 1666, an gama a 1681. Ta tashi daga Tuluz ta nufi teku, tsawonta kilomita 240, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram. Manyan itatuwa ke yi mata inuwa. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu. An sare dubbai, ana dasa wasu iri dabam a gurbinsu.

Iri na uku bakin kogi ne. Luwar shi ne kogin da ya fi tsawo a Faransa, ya kai kilomita 1,000. Tun ɗaruruwan shekaru mutanen wurin suka tada ganuwar ƙasa a gefensa don tsare gonaki daga ambaliya. Hanyar keke ta Luwar tana bin kan wannan ganuwa a wurare da yawa, a wasu wuraren kuma ta bi ƙananan hanyoyin ƙauye. Tsawonta wajen kilomita 900, kamar daga Yamai zuwa Damagaram. Ba dole ba ne mutum ya bi ta duka. Wani kwana 2 yake yi, wani mako 2, in ya gaji ya sa kekensa cikin jirgin ƙasa ya koma gida.

Yinin matafiyi

Mai yawon keke yana tashi da sassafe. A bayan kekensa akwai jaka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A ciki akwai rigar ruwa, da famfo, da faci, da ƴan ƙarafan gyara, da gorar ruwa. Ya biya wurin mai burodi, ya sayi na yini. Dole ya yi sayayya da wuri, gama kantunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana, wani ƙauyen ma babu kanti sam. In ruwa ya ƙare masa, yakan nemi maƙabartar ƙauye, gama galibi akwai famfo a ƙofarta wanda ake ba furanni ruwa da shi.

Mai iyali yakan yi kilomita 30 ko 40 a yini. Wanda ya saba yana yin 80 ko fiye. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ke nan babu dalilin gaggawa. Tsofaffi da yawa yanzu suna hawan keke mai batir. Injinsa taimako kawai yake yi in ana taka feda, kuma doka ta ce ya daina taimakon in gudu ya kai kilomita 25 a awa.

Kamar yadda manomi ke duban sama, haka mai keke ke duban iska. A kwarin kogin Ron akwai iska mai ƙarfi da sanyi da ke busowa daga arewa, sunanta mistaral. Wanda ya nufi kudu tura shi take yi. Wanda ya nufi arewa sai ya sha wuya.

A hankali yake ganin aikin gona. A watan Yuli ana girbin alkama. A Satumba ana tsinkar inabi. A Burgonyi yana wuce fararen shanun Sharole masu nama. A Normandi yana bi tsakanin shingayen itatuwa masu rai da ke tsare gona daga iska, da shanun madara a ƙarƙashin itatuwan tuffa. Wanda ke cikin mota duk wannan wucewa yake yi kamar walƙiya.

Me ɗan ƙauye ke samu?

Mai mota yana iya cika motarsa da abinci daga birni, ya ratsa ƙauye goma bai sayi komi ba. Mai keke ba ya iyawa. Jakarsa ƙarama ce, cikinsa kuma yana neman abinci kowane awa biyu ko uku. Tilas ya ci a ƙauye, ya kwana a ƙauye. Wani binciken gwamnati da ya fito a 2020 ya nuna mai yawon keke yana kashe wajen yuro 68 a yini. Yuro ɗaya dala 131 ne, ke nan kuɗin ya wuce jika 44. Kada a ruɗu da yawansa, gama rayuwar can da tsada, sandar burodi ɗaya ma ta kai yuro 1. Duk da haka kuɗi ne da ke faɗawa hannun mai burodi, da mai masauki, da mai gyaran keke.

Manoma sun daɗe da gane wannan. A 1951 aka buɗe masaukin baƙi na farko a gidan ƙauye, a 1955 kuma aka kafa ƙungiyar irin waɗannan masaukai ta ƙasa duka, mai suna Gîtes de France. Ɗakin da ɗa ya bari ya tafi birni, ko tsohon garken da babu bisashe, sai a gyara shi a sa gado. Uwar gida tana sayar da cuku, da zuma, da ƙwai, da madara a ƙofar gona, babu dillali a tsakani. Akwai kuma wani allo mai rubutun Accueil Vélo, wato maraba da mai keke. Ba a ba masauki wannan allo sai yana cikin kilomita 5 daga hanyar keke, yana da wurin kulle keke, da kayan gyara.

Wannan kuɗi ba ya maye gurbin noma. Da sanyi ya shigo baƙi sun ɗauke ƙafa. Amma ga ƙaramin manomi, cinikin wata huɗu ko biyar yana iya zama abin da zai hana shi sayar da gonar ubansa.

Baƙo da makiyayi

Faransa ma tana da makiyaya masu tafiya da bisashe. A tuddan Seben akwai tsofaffin burtali waɗanda tumaki ke bi su hau tudu in zafi ya zo. A tudun Obrak, wajen 25 ga Mayu ake hawa da shanu, an yi musu ado da furanni da ƙararrawa, wajen 13 ga Oktoba a sauko da su. In garke ya cika hanya, mai keke da mai mota duk jira suke yi.

Inda ake samun saɓani shi ne wajen karnuka. A 1992 kyarkeci ya sake bayyana a Faransa bayan ya daɗe da ɓacewa, yana kashe tumaki. Makiyaya suka koma ajiye manyan fararen karnuka da ake ce wa patu. Tun yana ɗan kwikwiyo ake sa shi cikin tumaki, ya tashi yana ganin su ne danginsa. Duk abin da ya nufo garke da gudu, a wurinsa maƙiyi ne. Shi ya sa ake kafa alluna ana gargaɗin mai keke: ya sauka, ya tura kekensa a hankali, ya sa keken tsakaninsa da kare, ya zagaye garke, kada ya ratsa tsakiyarsa. In ya buɗe ƙofar shinge, ya rufe ta a bayansa. Manomi shi ma da nasa nauyi. In taraktarsa ta zubar da laka a kan kwalta, doka ta ce ya sa alama, ya kuma share.

Shiru ba shi ne lafiya ba

Ga inda maganar ta fi nauyi. A shekara ta 2022, masu keke 245 suka mutu a hanyoyin Faransa. Fiye da rabinsu ba cikin gari suka mutu ba, a hanyoyin karkara ne. Dalili a fili yake. Cikin gari motoci sun fi yawa, amma a hankali suke tafiya. A karkara mota ɗaya ce, amma da gudu take zuwa, direba kuma bai sa ran ganin kowa bayan kwana ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kafin a ƙirga ɗaya.

Saboda haka doka ta tsananta. Direban da zai wuce mai keke dole ya bar mita 1 tsakaninsu cikin gari, mita 1 da rabi a wajen gari. In babu wuri, ya jira. A ran 1 ga Yuli 2018 aka rage gudu a hanyoyin karkara daga 90 zuwa 80. Mutanen ƙauye da yawa sun yi ƙorafi, sun ce wuraren aikinsu da nisa. Daga baya aka ba jahohi izini, da yawa suka mai da wasu hanyoyinsu 90.

Mai keke ma ba a ƙyale shi ba. Dole kekensa ya kasance da birki biyu, gaba da baya, da ƙararrawa, da fitila in dare ya yi. Tun 2008, wanda ke tafiya wajen gari da dare ko cikin hazo dole ya sa riga mai ƙyalli. Tun 2015 an hana toshe kunne da abin jin waƙa. Tun 2017, yaron da bai kai shekara 12 ba dole a sa masa hular kwano. Mutum biyu suna iya jerawa kafaɗa da kafaɗa, amma in dare ya yi, ko mota ta nemi wucewa, sai su koma layi ɗaya.

Wanda ya san hanya yana ƙara nasa hankali a kan na doka. Ba ya bin hanyar D da safe lokacin da ma'aikata ke gaggawar zuwa aiki, ko da marece lokacin komowarsu. Ya gwammace ya ƙara kilomita 5 ta cikin gonaki da ya yi kilomita 1 tare da kamiyo. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ƴan uwa, labarin ke nan. Hanyar da kakannin manoman Faransa suka fasa wa dutse don alkama ta kai kasuwa, yau tarakta na bin ta, garken tumaki na bin ta, motar madara na bin ta, baƙo mai keke ma na bin ta. Faɗinta bai ƙaru ba. Abin da ke sa kowa ya kwana gidansa lafiya shi ne mai ƙarfi ya rage gudu, baƙo kuma ya tuna a ƙofar gonar wani yake.